Ranar da Autanmu Ya Durƙusa a Kan Kwalta

A gidanmu na Kwarbai ba a gai da babba a tsaye. Tun daga bakin zaure za ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka yi ta jero gaisuwa kanka a ƙasa har sai an ce ka tashi. Mahaifinmu malami ne, jikan malamai, Malam kuma muke ce masa. A ganinsa yaron da ya ce "ina kwana" a tsaye ya riga ya kama hanyar lalacewa. Ranƙwashin da muka sha a kan gaisuwa ya fi wanda muka sha a kan karatu.

A irin wannan gida ne autanmu ya tashi wata rana, a ƙarshen shekarun tamanin, ya ce shi soja zai shiga. Zamanin mulkin soja ne, lokacin da dattawa ke zagin masu kaki a zaure cikin raɗa, su fito waje su ɗaga musu hannu. Ranar tafiya yaron ya durƙusa yana jiran a sa masa albarka. Malam bai ɗago daga littafinsa ba, ya ce, "Ka je." Shi ke nan. Innarmu ta yini tana kuka, don a wurinta ɗa ya ɗauki bindiga ba albarkar uba ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Barikin horar da kuratan yana can wajen ganuwa, kuma ba a barin iyaye shiga. Wannan bai hana Inna aika dambun nama da ruwan rubutu duk mako ba. Rubutun dai yana isa. Dambun kuwa, kofur ɗin bakin ƙofa ya yi kumatu a wannan daminar, Allah ya ƙara masa lafiya.

Malam ya ce shi ba ruwansa. Sai ga shi kwatsam ya samu wani aboki mara lafiya a Tudun Wada, wanda dubiyarsa ba ta yiwuwa sai bayan sallar asuba, kuma sai a ranakun da ake fito da kurata gudun safe a kan titi. Ni ne babban ɗa, ina aikin akawu, ina da babur, saboda haka na zama direba. Wannan mara lafiya ban taɓa ganin ko ƙofar gidansa ba. Kullum muka kai gindin wata bishiyar maina, ƙafar Malam za ta yi tsami, ya ce, "Tsaya nan in ɗan miƙe."

Can sai ka ji dirin takalma. Ga su nan sahu-sahu, an yi musu aski ƙwal, duk kamarsu ɗaya, suna rera waƙoƙin da muka gode Allah Malam bai jin Turanci. Shi kuma yana jan carbi, fuska a murtuke, idonsa na bin kawuna ɗaya bayan ɗaya.

Rannan yaron ya hango shi. Abin da aka dasa da ranƙwashi ai ba ya fita da fareti. Yana tsakiyar sahu, ana tsakar gudu, sai kawai ya zube a kan kwalta, har yana kai hannu ga igiyar takalmi, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, an tashi lafiya?" Na bayansa ya yi tuntuɓe da shi, na bayan wannan ya hau kansu, kafin ka ce me rabin sahu yana ƙasa.

Sajen da ke korarsu ya iso yana huci. A gabanmu ya sa yaron tsallen kwaɗo, ya sa shi birgima a cikin kwata, yana daka masa tsawa da Hausarsa ta bariki: "Nan ba baba, ba mama! Ka sake yi, ka kwashe kaya ka tafi gida!" Yaron da aka yi wa tarbiyya mafi kyau a Kwarbai yana birgima a taɓo saboda tarbiyyar. Na so in yi dariya, amma da na ga fuskar Malam sai tausayi ya kama ni. A hanyar komawa ya riƙe kafaɗata har ta yi zafi.

Muna isa ya ce in nemi wata mai sayar da abinci a kasuwar barikin ta kai wa yaron saƙo, cewa in ya sake ganinsa a hanya kada ya gaishe shi.

Na ce, "Malam, ya wuce ku a tsaye?"

Ya ce, "A guje ma."

Mai hankali zai ce a daina zuwa kawai. Amma mara lafiyar Tudun Wada bai warke ba. Mako na gaba Malam ya sa farar babbar riga da rawani, ya bar gindin bishiya ya tsaya a bakin kwalta, inda ko makaho sai ya san da shi. Sahu ya iso. Yaron ya wuce, wuya a sandare, ido a gaba, hawaye na gangaro masa har haɓa.

Da muka shiga gida Inna ta taso daga bakin murhu ta ce, "Malam, kun gan shi?"

"Na gan shi. Ya wuce ni kamar bai taɓa sanina ba, ko ƙyafta ido bai yi ba." Ya zauna a kan buzunsa, ya daɗe yana gyara rawanin da ba abin da ya same shi, sannan ya ce, "Allah ya yi masa albarka."