Ranar da Inna ta kira sunana a tsakiyar gulbi

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan shafi ina ganin mutane suna fitar da abin da ke cin su, ni kuma ina riƙe da nawa. Yau na ga gara in rubuta, ko wani ya tsira daga irin kuskuren da na yi.

A lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da uku, ina karatun awon ƙasa da zana taswira a wata kwaleji a Birnin Kebbi. Ni mutum ne marar yawan magana. Idan aka tara mutum biyar a ɗaki, ni ne wanda za a manta yana ciki. Abin da nake taƙama da shi kawai shi ne tsari. Ina da ɗan littafi a aljihu wanda nake jera duk abin da zan yi, in riƙa sa alama ina wucewa, kuma na yarda cewa duk abin da na karanta a kansa na san shi. Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta ambaci sunana ba. Idan tana son in yi wani abu, ƙanwata take gaya wa, ta ce a faɗa wa wancan, ko da ina zaune a gabanta. Inna 'yar Argungu ce, mahaifinta masunci ne, aure ne ya kawo ta Birnin Kebbi. Wannan na san shi kamar yadda ake sanin abu a takarda, ban taɓa tsayawa na yi tunanin ma'anarsa ba.

Bayan rasuwar mahaifinmu Inna ta gama takaba, amma ba ta dawo daidai ba. Ta rage cin abinci, ta rage hira. Wata rana na ji tana gaya wa ƙanwata cewa ta yi mafarkin gulbi, kuma rabonta da shiga jirgin ruwa tun kafin a haife ni. A ranar na buɗe sabon shafi a littafina. Hutu ya zo, damina ta kusa ƙarewa, na yi niyyar in kai ta yawo a kan ruwa, ta ga gefen da suka yi ƙuruciya, mu ci abinci a jirgi mu dawo. Na je Argungu sau biyu har na samu wani dattijo mai jirgin katako da inji. Shi yakan bayar da haya ne tare da matuƙi, ni kuma na nace a ba ni jirgin kaɗai, don na san Inna ba za ta ci abinci ko ta yi dariya a gaban baƙon namiji ba. Sai ya tambaye ni ko ni ɗan ruwa ne. Ban iya iyo ba ko a kududdufi, amma kunya ta hana ni faɗa. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauka amsa ce. Ya koya mini tayar da inji da juya shi, muka zaga sau uku a kusa da gaɓa, ya yaba da yadda nake rubuta komai. Ya ce ruwa ya cika bana, kada in wuce inda gulbin ya rabu biyu, in juyo daga nan. Na rubuta wannan ma. Na koma gida na buga hoton gulbin da ake gani daga sama a waya, na ja layin hanyarmu da jan biro. Ban lura ba cewa hoton na rani ne.

Ranar tafiya na riga su isa bakin gulbi. Na wanke jirgin tas, na shimfiɗa tabarma, na jera kuloli da jarkar mai ta biyu. A ƙasan jirgin akwai filafili na tuƙi da hannu da doguwar gwangwala ta tura jirgi, duk sun yi caɓa-caɓa da laka. Na fitar da su na jingina da wata bishiya da niyyar in wanke in mayar, don kada su ɓata wa Inna zane. Sai ga su sun sauko daga Keke Napep, Inna da ƙanwata da ɗiyarta 'yar shekara uku, hankalina ya koma kansu. Filafili ba ya cikin jerin da na rubuta, don haka bai sake faɗo mini ba. Rigar ruwa mai hana nutsewa guda biyu dattijon ya ba mu, na sa wa yarinyar ɗaya tana yi mata yawa har gwiwa, ƙanwata ta sa ɗaya. Da Inna ta shiga, ta dubi ƙasan jirgin ta ce wa ƙanwata ta tambayi wancan ina filafili. Na riga na tayar da inji da ƙyar, ina tsoron ya mutu a gaban mutanen da ke kallo. Na ce a gaya mata inji ne, kuma akwai mai na ƙari. Ta gyara zama, muka tashi.

Rabin sa'a ta farko ba zan manta da daɗinta ba. Inna ta sa hannu a ruwa tana nuna wa jikarta tsuntsaye, tana faɗin sunan kowanne. Ƙanwata tana tsokanata, wai direban da ke duba takarda kafin ya juya kai, wai ko kifi ma sai ya nemi izni a littafina kafin ya wuce. Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya, karo na farko tun rasuwar. Na ji kamar na ci jarrabawar da ta fi kowace.

Daga nan gaɓar ta fara ɓacewa. Inda taswirata ta nuna gulbi siriri tsakanin gonaki, abin da ke gabana ruwa ne shimfiɗe har iyakar gani, sai kawunan itatuwa nan da can. Ina neman inda gulbin ya rabu biyu don in juyo, ban san cewa mun wuce shi ba, domin ruwa ya haɗe komai. Inna ta daina dariya. Ta ce wa ƙanwata ta gaya wa wancan cewa ruwan da ke dama gona ce ba gulbi ba, ya dubi yadda kan shinkafa ke leƙowa, ya koma hagu inda ruwan ya fi duhu. Na duba waya, na duba jan layina, duka biyun suka nuna dama. Na ce mata a gaya wa Inna kada ta damu, na auna komai. Wannan ita ce maganar da har yau idan na tuna ta nake jin nauyi a ƙirjina.

Ba mu yi minti biyar ba inji ya canja murya, ya yi tari sau biyu ya mutu. Na ja igiya har kafaɗata ta yi zafi, bai tashi ba. Shirun da ya biyo baya ya fi ƙarar injin ban tsoro, don a cikinsa ne na fara jin ruwan yana tafiya. Jirgin ya juya a gicciye, yana ja da mu a hankali zuwa inda ruwan gona ke zubawa cikin babban gulbi, wurin yana murɗawa yana kumfa. Gabas kuma ta yi baƙi, iska ta fara kaɗawa, ruwa yana fallatsowa cikin jirgi yana jiƙa tabarmar da na shimfiɗa. Na laluba ƙasan jirgin ina neman filafili, hannuna ya tuna mini inda na jingina shi. Babu kowa a kusa. Na ciro waya in kira dattijon, babu sabis. Yarinyar ta fara kuka tana cewa Kawu a kai ta gida.

Na kwanta a bayan jirgin na zura hannu cikin ruwa in ga abin da ya riƙe farfela. Karan shinkafa ne ya naɗe ta, tare da igiyar masunta mai jerin ƙugiyoyi, wadda suke kira mamari. Ina ja, jirgin ya motsa, wata ƙugiya ta shige tafin hannuna na dama. Igiyar ta miƙe, ta fara jana waje. Rabin jikina yana kan ruwa, ina kallon ƙasan da ba na gani, ina sane da cewa idan na faɗa ba zan taso ba, kuma zan bar mata biyu da yarinya a jirgin da babu abin tuƙi. Tsoro ya rufe mini ido. Na yunƙura zan miƙe tsaye in fizge hannuna, jirgin ya karkata har bakinsa ya sha ruwa, ƙanwata ta rungume ɗiyarta tana salati.

A nan ne Inna ta kira sunana. Cikakken sunana, sau ɗaya, da wata murya da ban san tana da ita ba. Ta ce in zauna a ƙasan jirgi kada in sake motsi. Jikina ya bi umarnin kafin kaina ya gane abin da na ji. Ta rarrafo ta tsakiyar jirgin ba tare da ta miƙe ba, ta ɗauki wuƙar da muka kawo don yanka kankana, ta kama wuyan hannuna ta yanke igiyar, ta bar ƙugiyar a ciki ta ce kada in taɓa. Ta juye shinkafar da ke cikin kwano a ruwa ta miƙa wa ƙanwata ta ce ta kwashe ruwan jirgi, ta daina kuka, kuka ba ya kwashe ruwa. Ita kuma ta ɗauki farantin silba na abinci ta zauna a baya, ta ɗaure zanenta, ta fara tuƙi da shi. Ba ta yi faɗa da ruwan ba. Ta bar shi yana jan mu, tana ɗan karkatar da kan jirgin kaɗan kaɗan, tana kallon wata bishiya da ruwa ya ci rabinta a gefen mahaɗar. Ta ce mini idan mun zo daidai in kama reshe da hannun hagu, in rungume shi, ko fatata za ta sale kada in saki. Na kama. Reshen ya kusa fitar da ni daga jirgin, amma ban saki ba, har ta cire mayafinta ta ɗaure jirgin da shi.

A ƙarƙashin wannan bishiya ruwan sama ya same mu. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba, wataƙila sa'a guda, amma kowace iska idan ta taso sai in zuba wa ƙullin mayafin ido. Muna kwasar ruwa bi da bi, Inna ta sa jikarta a tsakanin ƙafafunta ta lulluɓe ta da tabarma. Jini yana ta bin hannuna. Da ruwan ya tsagaita wajen la'asar, wasu masunta biyu suka fito duba mamarinsu suka hango mu. Babban cikinsu ya dubi ƙullin da ke jikin reshen, ya tambayi wanda ya ɗaura. Da aka nuna masa Inna, ya gaishe ta da girmamawa ya ce Hajiya daga wane gida, ta faɗa masa, ya ce ai shi ya sa. Ni kuwa ya dube ni ya ce malam ɗan makaranta, jirgi ba filafili, ko da biro za a tuƙa. Suka ja mu har bakin gulbi.

Mai jirgin yana tsaye a gaɓa, ya riga ya tura mutane nemanmu ta wata hanyar. Bai yi mini faɗa ba. Ya ƙirga mu da ido, ya yi hamdala, sannan ya nuna mini filafili da gwangwala a jingine inda na bar su, ruwan sama ya wanke su tas. Na gaya masa gaskiya a gaban kowa, cewa ban iya iyo ba. Ya ce da na faɗa tun farko da bai ba ni ba, kuma shi ma da laifinsa da ya karɓi sunkuyar da kai a matsayin amsa. A wani ƙaramin asibiti aka cire ƙugiyar aka yi mini ɗinki.

Abin da na koya ba a kan ruwa kaɗai ya tsaya ba. Na shirya tafiyar nan mako uku, na tambayi waya, na tambayi taswira, ban taɓa tambayar matar da aka haifa a bakin gulbin ba, alhali muna kwana gida ɗaya. Sau biyu ta gargaɗe ni ta hanyar da al'ada ta ba ta, ni kuma na raina gargaɗin don ya zo a hankali ta bakin ƙanwata. Kunya ta hana ni cewa ban iya ba, ta hana ni kashe inji in koma ɗaukar filafili don kada 'yan kallo su yi dariya. Don in kauce wa dariyar minti ɗaya na kusa hallaka mutum uku da suka amince da ni.

Ina roƙon duk wanda zai ɗauki iyalinsa yawo a ruwa, musamman 'yan uwana ɗalibai, kada ya karɓi jirgi ba matuƙi don an koya masa tayar da inji. Kada ya bar filafili a gaɓa, kada ya shiga ba rigar ruwa ga kowa, kuma ya sani gulbin damina ba shi ne wanda ke cikin waya ba. Idan akwai babba a jirgin ya yi magana, ko a kaikaice ne, a tsaya a saurara.

Inna ta koma yadda take. Da muka isa gida ta ce wa ƙanwata ta gaya wa wancan kada ya jiƙa ɗinkin. Ba ta sake kiran sunana ba har yau, ni kuma kullum ina addu'a kada in sake jefa ta cikin halin da zai sa ta kira shi.