Injin lanƙwasa ƙarfe da bijimaina biyu

Mun tashi da asuba daga Mutum Biyu, ni da ƙanina, zuwa Jalingo. Sau uku na taɓa aljihuna kafin motar ta tashi, don in tabbata igiyar awona tana nan. Igiya ce mai ƙulle-ƙulle da na gada wurin babanmu, da ita nake auna kowace ƙofar ƙarfe da na ƙera. Niyyata in ga injin lanƙwasa ƙarfe da idona. Idan ya yi min, in sayar da bijimaina biyu na noma in sayi irinsa.

Hanya ba laifi, sai ramuka jefi-jefi, kuma direban bai san birki ba. Kuɗin mota ya tashi har sai da na sake tambaya. A Iware muka tsaya. Ƙanina ya sayi gasasshiyar masara, ni kuwa na hango kasuwar shanu, inda nawa za su ƙare, sai yunwar ta gudu.

Wurin aikin da injin yake yana unguwar Sarkin Dawaki a Jalingo. Mai shi dattijo ne, har da hoton cocinsu a bango. Ya zura fallen ƙarfe a injin, ya taka wani abu da ƙafa. Ƙum! Gefen ƙofa ya fito a miƙe. Ni wuni guda nake yi da guduma a kan wannan aiki. Kafin ƙanina ya gama masararsa an jera goma.

Ban yarda ba. Na zaro igiya na auna su ɗaya bayan ɗaya, ina neman wanda ya kauce. Babu! Ni kuwa ban taɓa yin biyu iri ɗaya ba.

Na ce, "Baba, gobe zan kai shanuna Iware."

Ya yi dariya ya ce, "Maigida, zo ka ga uwarsa tukuna."

Ya zaga da ni baya. Janareta ne kamar ɗaki, yana ta hayaƙi.

Ya ce, "Inji ba ya gajiya, amma wuta mai layi uku yake ci, irin ta masana'antu. Kana da ita a shagonka?"

Innalillahi! Ni da ƙwan lantarki ɗaya ma yake min wuya. Wata biyu ina auna kuɗin inji da girmansa, ban taɓa tambayar me yake ci ba.

Dattijon ya ce in riƙa aiko da fallayena a mota, ya lanƙwasa, ni in haɗa a gida. Na karɓa da hannu biyu.

Da la'asar muka iso gida. Ban shiga ɗaki ba, turken shanu na wuce, na tarar da bijiman suna tuƙa abinsu, ba su san sun kusa zama ƙarfen da ba ya motsi ba. Tafiyar ta koya min cewa igiyar babanmu ba ta auna komai da komai. Na zuba musu dusa, har da ƙari.