Ƙwai Shida na Yaya Amparo

Ranar Alhamis, 23 ga Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata Amparo Casillas Aceves a wani asibiti a Guadalajara, tana da shekara sittin da takwas. Shi ya ba mu aronta, shi ya karɓi abinsa, babu mai ja da shi. Washegari muka kawo ta gida Tepatitlán, muka binne ta kusa da mijinta Librado. An yi addu'ar kwana tara an gama, kowa ya faɗi alherinta ya kama gabansa. Ni kuwa abin da ke bakina ba na faɗa a gaban Fada, limamin cocinmu, ba ne. Yanzu zan faɗa, kuma da ke nake, Yaya.

Ina jin haushinki. Gara in fara da wannan, kada wani ya karanta ya zaci kukan ƙani mai ladabi zai ji. A wurin addu'a na ji mata suna cewa ke mai haƙuri ce, mai sanyin hali. Na dube su na ce a raina, ko dai wata gawar suka zo wa? Shekara sittin ina tare da ke, ban taɓa ganin haƙurin nan ba. Bakinki ba linzami, kuma ba ki taɓa ba da umarni kin haɗa da dalili ba. In mutum ya tambaye ki don me, amsarki ɗaya ce tun ina yaro har na yi furfura: "Don na ce."

Ba zan ci hakkinki ba dai. Ina ɗan shekara bakwai mahaifiyarmu ta rasu, kina da goma sha biyar. Kika bar makaranta kika shiga rumfar jera ƙwai a kwali, kina fita tun da sassafe don in sami takalmi da littafi. Ranar da yaran unguwa suka fasa mini baki, sai da kika ƙara mini mari biyu don na tsaya an doke ni, sannan kika ɗaura gyale kika bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Da zazzaɓin taifot ya kwantar da ni ina ɗan sha biyu, kika yi wa Allah alkawari kika taka da ƙafa har cocin ziyara da ke garin San Juan de los Lagos, kika dawo dugaduganki duk sun tsage. Na warke. Amma fa na biya, domin ba a yi shekara ba ki goranta mini tafiyar nan ba. Har ranar aurena sai da kika ja amaryata gefe kika ba ta labari, kika ce ta kula da ni don ƙafafunki ne suka saye ni.

Haka kike da kowa. Maƙwabciyarki Chayo, da mijinta ya tsallake zuwa Amurka ya mance da ita da 'ya'ya huɗu, duk Lahadi sai tukunyar pozole, romon masara da nama, ta tashi daga gidanki zuwa nata. Shekara tara kina yi ba fashi. Kuma duk Lahadi sai kin tsaya a bakin ƙofarta kin ce mata da ta buɗe ido da kyau da ba ta auri sakarai ba. Chayo ta fi kowa kuka a maƙabarta.

Sai ga maganar tsaka. Bayan rasuwar Librado, 'yarki Yesenia ta ja ki kasuwar masu kiwon dabbobi a Guadalajara don ki sha iska, kika dawo da tsaka biyu a roba, irin masu ɗigo-ɗigo kamar damisa, masu kaurin wutsiya. Macen kika sa mata Canela. Namijin kika ce sunansa Lauya, wai ba ya aikin komai sai ci da murmushi. Garin da kaji suka fi mutane yawa nesa ba kusa ba, ke kika ga ya dace ki kiwata abin da ba a ci, ba ya cara, ba ya gadi. Na yi miki dariya har da hawaye. Na ce, Yaya, tsufa ne ko kaɗaici? Kika ce in ja tsummokarana in fita miki daga gida, kuma in tafi da kwanon birria, farfesun naman da kika ajiye mini.

Shekara guda kina musu hidima. Kina kiwon gyare a kwali, kina barbaɗa musu farar hoda kafin ki ba su, kina auna Canela a ma'aunin kicin. A watan Fabrairu kika haɗa su. Ran huɗu ga Maris Canela ta yi ƙwai biyu, dogaye, masu laushin ɓawo, ba su kai kan babban yatsana ba. Kika mayar da tsohuwar kular lemo akwatin ƙyanƙyasa, kika jera su cikin ƙasa mai damshi, kika ɗiga wa kowanne alama a sama da baƙin alƙalamin maka. Kafin Afrilu sun zama shida. A lokacin ciwon cikinki ya riga ya ci ƙarfinki, kin sani, kin ɓoye mana. Sau ɗaya tak kika faɗa mini abin da ke ranki, kina tsugune gaban kular nan, ba ki ko dube ni ba. Kika ce shekara talatin kina jera ƙwai a kwali ana kaiwa kasuwa, ba ki taɓa ganin ko ɗaya ya buɗe ido ya dube ki ba, kuma kina so ki ga wannan kafin ki tafi. Na ce tafiya ina? Kika ce in yi miki shiru.

Ran uku ga Afrilu Yesenia ta zo ɗaukarki zuwa asibiti. Kika miƙa mini makulli a bakin mota.

"Chencho, ka ba su gyare, ka duba zafin kular safe da yamma. Ƙwan kuma kada ka taɓa."

"Wa zai riƙa juya su?"

"Ba a juyawa."

"Haba Yaya. Wane irin ƙwai ne ba a juyawa? Don me?"

"Don na ce."

To, ki ji. Shekara talatin da shida na yi a gidan ƙyanƙyasar kaji. 'Yan tsakin da suka fito ta hannuna, ko ni ban san adadinsu ba. A garin nan ko jaririn goye ya san in ba a juya ƙwai ba ɗan tsako manne wa ɓawo yake ya mutu. Kakarmu da hannu take juya nata, kuma alama take sa wa kowanne don ta san gefen da ta bari a sama jiya. Da na buɗe kularki na ga ɗigon makan nan, sai na ce a raina, ga shi ma ta sa alamar, ba ta dai san amfaninta ba. Na ce matar da ba ta taɓa ƙyanƙyashe ko ƙwan tattabara ba ce za ta koya mini ƙwai? Na wanke hannu na juya su. Sau uku a rana, kwana goma sha ɗaya, ban yi fashi ba. Har ina hango ranar da zan kawo miki 'ya'ya shida in ce, ga aikin wanda ya san aiki.

Minti ɗaya ya ishe ki ki yi mini bayani a bakin motar nan. Wannan laifinki ne, kuma ba zan ɗauke miki shi ba don kin mutu. Sauran duk nawa ne.

Suka fara lotsewa. Biyu suka yi fumfuna. Na haska su da tocila kamar yadda muke yi a wurin aiki, jan jijiyar da nake gani da farko ta dushe. Na sami lambar mutumin da ya sayar miki da su a jikin firjinki, wani Don Evaristo, na buga masa. Na ce wai wani abokina ne ya juya ƙwan tsaka, me zai faru? Ya ce in gaya wa abokin nawa ya zubar da su. Ya ce ɗan tsaka tun kwanakin farko yake kama saman ɓawo ya zauna, in aka kifa shi ƙwanduwa ce ke danne shi. Alamar da ake sawa don a san sama ce, kada a kuskura a juya. Na yi godiya na kashe waya.

A ranar na tarar Canela ta sake yin biyu a akwatinta. Da cokali na ɗauke su yadda suke kwance, na ɗiga musu maka, na rufe kular. Shidan kuma na binne su a gindin lemon tsaminki.

Lahadi 28 ga Afrilu na zo duba ki da rana. Kin rame har zoben aurenki na yawo a yatsa, amma kwanakin ƙwanki kina ƙirge da su tsaf. Ko zama ban yi ba kika ce na farko sun isa fitowa. Yesenia na tsaye a bayanki tana yi mini ido, don likita ya riga ya gaya mata abin da ya rage. Sai na ji bakina ya ce sun fito, biyu, jiya da safe.

"Yaya kamanninsu?"

"Sak uwarsu. Ɗigo-ɗigo tun daga kai har wutsiya."

Kika dube ni. Na san kallon nan, na sunkuyar da kai ina jiran saukar ruwan zagi. Sai kika ce, "To, madalla. Sannu da ƙoƙari, Chencho." Kika juya kika ce wa Yesenia ta ba ni lemo, na sha hanya. Na fito daga asibitin nan ina jin na yi dabara. Sau uku na ƙara zuwa, ba ki sake tambayata tsaka ba, ni kuma na ɗauka ciwo ne ya sha kanki.

Bayan mun binne ki Yesenia ta nemi ganinsu. Na ƙara wata ƙaryar a kan ta farko, na ce zafin Mayu ya kashe su. Yarinyar nan ta kama hannuna tana ba ni haƙuri. A daren ƙarshe na addu'a, gaban mutane cike da tsakar gida, ta miƙe ta ce Kawu Chencho ne ya ba mahaifiyarta farin cikinta na ƙarshe a duniya. Aka tafa mini. Na zauna da kofin kofi a hannu na karɓa.

Ranar Laraba, biyar ga Yuni, na buɗe kular da safe na ga ɗaya daga cikin biyun nan ya tsage. Ga ɗan abu a gefe, bai kai ɗan yatsana tsawo ba, ya buɗe baki yana yi mini tsiwa. Babu ɗigo ko ɗaya a jikinsa. Ratsi ne faffaɗa, baƙi da rawaya, ya gitta shi tun daga wuya har wutsiya. Na ce shi ke nan, wannan ma na lalata. Na sake buga wa Don Evaristo, wannan karon na gaya masa ni ƙaninki ne. Ya yi dariya ya ce ai haka duk suke fitowa, sai sun yi watanni ratsin ke fashewa ya zama ɗigo. Ya ce yayarka ma ta sani sarai, ta ishe shi da tambaya har sai da ya tura mata hotuna, ta ce kullum sai ta kalle su.

Ashe kin sani. Tun ban rufe baki ba kin san ƙarya nake, kuma kin san ƙaninki, kin san abin da hannunsa ya yi. Macen da ta zage ni a kan maɓallin riga, ta zage ni a kan gishirin miya, ta zage ni ranar da aka yi mini ƙarin girma wai kada kaina ya kumbura, na kashe mata abu ɗaya da ta roƙa a duniya, ta ce mini sannu da ƙoƙari. Wannan wace irin mugunta ce, Yaya? Da kin wanke ni tas a gaban 'yarki da ma'aikatan jinya, da na mayar miki, da mun yi ta kamar kullum, da na roƙe ki gafara ko da a fusace ne. Kin ga tausayina ya fi ƙarfinki, kika haɗiye, kika bar ni da shi. Kwana ashirin da biyar kika ƙara a duniya kina kallona ina shiga ina fita da fuskar mutumin kirki. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ban taɓa kewar mutum irin yadda nake kewarki ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yesenia da mijinta da 'ya'yanta, da dangin Librado, da Chayo, da duk wanda ya ci daga tukunyarki ya sha daga bakinki. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Yesenia, ga gaskiyar, kin karanta tare da kowa. Godiyar da kika yi mini a gaban jama'a ki janye ta, ba tawa ba ce. Na biyun ya fito washegari. Duk sun yi saɓa sun fara kama gyare, suna nan a ɗakin mahaifiyarki, naki ne. Ki zo ki ɗauka, ko ki bar mini wahalarsu, yadda kika ga dama. In za ki zo, kada ki zo mini da Kawu sannu. Bakinta kika gado, na sha jin yadda kike yi wa mijinki. Ki zo ki faɗa mini abin da ta ƙi faɗa, zan tsaya in ji har ƙarshe.

Ke kuma Yaya, Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka makwancinki, ya saka miki da alherin duk abin da kika yi mana, wanda muka gode da wanda ba mu gode ba. Na yafe miki mari, na yafe miki gori. Shirun nan ne har yanzu ban iya yafewa ba, ki roƙa mini Allah ya ba ni iko.

Ƙaninki,
Crescencio Casillas Aceves
Tepatitlán, Jalisco