Motar da Muka Huda wa Rufi

Bayan an watse daga aikin Hajji, Makka takan koma kamar aji ranar hutu, wato benci yana nan, shara tana nan, masu surutun sun tafi. A irin wannan lokaci, cikin shekarun da ƙwallo ta fara shiga kan samarin unguwarmu ta Jarwal, na kamu da ciwon rashin zama. Ina koyar da labarin ƙasa a wata ƙaramar makaranta, ina nuna wa yara koguna da tsibirai da tsinin sanda, alhali ni kaina ban taɓa wuce Jidda ba.

Ƙanena ne ɗan ƙwallon gidanmu. Ƙungiyar samarin unguwa ta sa shi cikin gasar garuruwa da aka shirya: wasan farko a Ɗa'ifa, wanda ya ci ya tafi Jidda, daga nan Madina, wanda aka ci kuma ya koma gida. Baba ya riga ya yanke cewa daga wannan gasa an gama, yaro zai zauna a shagon ɗinki kamar ɗan mutunci.

"Yaya, ka sa ya gani ko sau ɗaya," in ji ƙanena. "In ya gani ya hana, na haƙura."

Baba mutum ne mai alfahari da cewa ba ya hukunta abin da idonsa bai gani ba, na kuwa kama shi da wannan. Sai dai a Makka ba zai taka filin ƙwallo ba, don maƙwabta suna da ido. Ɗa'ifa ya yarda da ita saboda nisa, ga kuma sanyi da inabi da za a fake da su. Matsalar ita ce jikinsa. Da ƙafa ya zo daga ƙasar Kano, ya ratsa Sudan shekara da shekaru, gwiwoyinsa kuma sun daɗe da gabatar da ƙorafinsu. Ba zai iya zaman motar haya ba, ba zai kwana a gahawa ba, wato rumfar shayi ta bakin hanya inda matafiya ke kwana.

Nan lorin Kawu ta shigo. Kawu ƙanen Inna ne, yana jigilar alhazai zuwa Arfa, sauran shekara kuma lorin tana kwance a lungu akuyoyi suna shan inuwarta. Na ce mu mayar da ita ɗaki mai tafiya, mu bi gasar gari gari. Daga ranar ban ƙara koyar da darasi da hankalina a ajin ba. Ina zana Kogin Nilu a allo, ina lissafin inda randa za ta zauna ba ta fashe ba. Da an tashi sai in ruga lungun. Muka kafa wa Baba gadon katako a bayan direba, muka ɗaure randa da igiya, muka rataye salka, muka keɓe wa risho kusurwa. Inna ta ɗinka labule, ta kuma ba da shawarwari da yawa waɗanda ba a nema ba. A ƙarshe muka kira kafinta ya buga rufin katako, aka shimfiɗa kwano a kai. Kawu ya riƙa zagaya motar yana shafa ta kamar ango.

Ana jibi tafiya Baba ya zo dubawa. Ya danna katifa, ya leƙa randa, sannan ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin.

"Ta ina za mu dawo?"

"Ta garin Sailu, Baba. Ita ce hanyar."

"Ta miƙati ke nan."

Kawu ya dafe kai. Shi ya fara ganewa, shi da ya shekara yana jan alhazai a buɗaɗɗiyar mota saboda wannan dalili. Baba bai taɓa ƙetare miƙati ya shigo Makka da ɗinkakken kaya ba, sai ya ɗaura harami ya yi Umara. A karatun da ya taso da shi kuwa, mai harami ba ya fakewa a inuwar abin hawa.

Na jawo iyakar abin da na sani. Na ce malamai sun yi sauƙi ga mazauna gari masu fita su dawo.

"Ustaz," in ji Baba, kuma ba ya kirana haka sai zai kayar da ni, "sauƙin na masu itace ne da ke kai da kawo kullum. Ka taɓa ganina da itace a ka?"

"To mu dawo da kai a saman rufin mana, Alhaji," in ji Kawu, "mu ɗaure ka da randa."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce ko a cire rufi ko a tafi ba shi. Kawu ya rantse ba mai taɓa masa ƙusa ɗaya. In an cire, ranar hanya za ta gasa tsohon tun kafin mu kai. In an bari, ba ya zuwa. Wasan Ɗa'ifa kuma shi kaɗai muke da tabbacinsa. Na wuni ina safa da marwa tsakanin gidanmu da lungun Kawu, ƙanena yana bi na da ido.

Da la'asar Kawu ya gaji da ni. Ya ɗauko zarto da almakashin kwano, ya hau, ya yanke rufin daidai saman gadon Baba, faɗin darduma, yana yi yana zagin ƙwallo da wanda ya ƙirƙiro ta. Guntun ya zama murfi: a rufe a tafiya, a buɗe a dawowa.

Ranar wasa mun tarar filin ya cika, ba masaka tsinke. Kawu ya tsayar da lorin a bayan taron. Baba, wanda ya ce shi daga ciki zai saurara, sai ga shi ya taka gadon, ya fito da kai da kafaɗu ta hudar, ya fi kowa ganin fili. Bai zauna ba har aka tashi. An ci mu, don haka Jidda da Madina suka tsaya a taswirata.

Ƙanena ya zo jikin motar yana haki, ya kasa ɗaga ido.

"Duk wannan gudu," in ji Baba daga sama, "amma kana nan wuri ɗaya. Ni da na yi rabinsa da na kai Bahar Maliya." Ya dubi gajeren wandon yaron. "Kai tela ne. Kafin wasa na gaba ka ɗinka wando mai rufe gwiwa."

Washegari a Sailu muka buɗe murfin. Baba ya zauna cikin haraminsa a ƙarƙashin ranarsa, mu kuma muka matsa cikin inuwa.