Kili da Buhun Iri, Daga Yammedi Zuwa Beli

YAMMEDI

Ƙarfe biyar da rabi na asuba kantar Malam Sale direba, motar ɗaukar kaya, ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya raba bayanta gida biyu da katako, gefe guda na doki, ɗayan babu kowa. Dokin da za mu ɗauka shi ne Kili, fari fat, na Baffana. Tun da gwiwa ta kama Baffa, Kili ne ƙafarsa zuwa gona da masallaci. Shi Baffan ya riga mu zuwa Beli, inda za mu kwana uku a gona muna shukar gyaɗa. Da zai tafi cewa ya yi, “Habu, ko kai ka makara, dokin ya iso lafiya.”

Ni da na ga ɗaya gefen ba kowa sai na antaya kaya: tanti, tabarmi biyu, risho, galan ɗin kananzir, tukunya, fartanya, da buhun irin gyaɗa wanda aka riga aka shafa wa jan maganin ƙwari. Na jingina buhun da katakon, na karkaɗe hannu.

Malam Sale ya leƙa ya girgiza kai. “Malam Habu, a sauke. Duk abin da bakin doki zai kai, nasa ne.”

“Haba Malam Sale, ai akwai katako.”

“Katakon iyakarsa ƙirji. Wuyan kuma fa?”

Raina ya ɓaci, don na tsani a koya mini lodi a ƙofar gidanmu. Na bar masa kayan na tafi shan shayi. Da na dawo ya ɗaure komai ya rufe da tamfol. Nan matata Ladidi ta miƙo mini ƙullin tsaraba ta ce na Inna ne, mahaifiyarta da ke Beli. Na rataye shi a ƙusar katakon, ban tambayi kowa ba. Muka tashi shida da kwata.

KARAYE

Bakwai saura muka shiga Karaye. Na sayi ƙosai na naira ɗari biyar, Malam Sale ya ci, na ci, amma ban yi masa magana ba. Duk ramin da muka faɗa sai ya rage gudu ya ce, “Yi haƙuri, Kili.” Ni da ke dafe da ƙugu ban samu ko sannu ba.

HANYAR ROGO

Wajen kilomita ashirin daga Karaye muka iso shingen jami’an tsaro. Bayan doguwar gaisuwa ɗayansu ya zagaya baya, sai ya ƙwalla kira. “Mai doki, zo ka ga bakin dabbarka.”

Bakin Kili ya yi jajir, jan yawu na zuba har ƙirji. Nan take na tuna buhun irin da na jingina. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, don maganin nan ko kaza ta tsattsaga ba ta kai la’asar. Na fara salati ina tunanin da wane baki zan tunkari Baffa.

Malam Sale ya zagayo baya. Ya hau, ya buɗe bakin dokin, ya shinshina. Sannan ya ɗago wani yagaggen tsumma daga ƙusa.

“Wannan na waye?”

“Na surukata ne,” na ce.

“To Allah ya ba ta haƙuri. Zoɓo ne da ƙuli-ƙuli, ya share su tas.”

“Irin fa?”

“Tun daga Yammedi ƙafarka na kansa. Yana ƙarƙashin kujerarka.”

Jami’in ya yi dariya har da riƙe ciki. Malam Sale ya yaye tamfol ya nuna mini: kananzir a can ƙurya cikin bokiti, fartanya an naɗe bakinta da buhu, tukunya a kife, komai an tamke da igiya nesa da katako. Na ba shi haƙuri a gaban kowa.

BELI

Mun wuce Rogo tara da rabi, muka isa Beli goma da ’yan mintuna. Baffa na zaune gindin ɗorawa. Bai amsa gaisuwata ba sai da ya shafa wuyan Kili ya duba ƙafafunsa.

“Habu, wa ya ba shi goro?”

Na faɗi gaskiya. Ya yi murmushi ya ce ai dokin ya fi ni sanin tsaraba. Muka kafa tanti, ruwa ya sauka washegari, muka shuka irin har ƙwayar ƙarshe. Gidan Inna kuwa na je da hannu biyu da dogon bayani.

GIDA

Ranar Alhamis da azahar muka dawo Yammedi. Wannan karon Malam Sale na tsaye ni nake ɗaure kaya yadda ya nuna. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Sale, wanda ba don shi ba da ban iya haɗa ido da Baffa ba.

Ladidi ta tare ni a zaure. “Inna ta ji daɗin zoɓon?”

“Wanda ya ci dai ya ji daɗi,” na ce, “ko ɓawo bai rage ba.”