Ruwan da Inna Ta Roƙa

Inna ba ta taɓa cin Jibin Ubangiji ba, gurasa da ƙoƙon nan da Kirista ke rabawa a sujada, domin ba a yi mata baftisma ba. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a wuya game da zamanmu na Gwandu, shekarun da Turawa ba su tafi ba tukuna.

Baba mai bishara ne na ɗarikar Baftis, da ɗinki yake ciyar da mu. A zauren gidanmu ake sujada, mu da wasu 'yan kasuwar kudu da leburorin hanya. Amma shi ba a naɗa shi fasto ba, don haka ba shi da ikon yi wa kowa baftisma. Fasto sau ɗaya yake zuwa a shekara, in hanya ta bushe bayan damina, kuma a Kalgo yake sauka, saboda can ne gulbi ke da zurfin da za a nutsar da mutum. A wajenmu, in ba a nutsa ka gaba ɗaya ba, ba a yi komai ba. Bayan an fito daga ruwa sai a zauna gindin tsamiya a zagaya da ƙoƙon jibin. Ina kallo yake wucewa ta gaban Inna, ita kuwa ta aje hannuwa a cinya.

Wata shekara tana jego, ba ta je ba. Da shekara ta zagayo ta je, fasto ya yi mata tambayoyin ajin baftisma a gaban maza, kunya ta ɗaure mata baki. Matar da ta haddace amsoshin nan tana daka! Aka ce ta koma aji. Sai tari ya kama ta.

Kafin damina ta ɗauke ta zama ƙashi da fata, tana tofar da jini a kasko. Wata safiya ina dama mata kunu ta kira Baba.

"Malam," ta ce, don haka take kiransa, "ga ruwa nan a randa. Ɗebo da moɗa ka zuba mini a ka, ka faɗi kalmomin baftisma."

Baba ya zauna bakin gado ya yi mata bayani a hankali. Ba ruwa ke ceton mutum ba, bangaskiya ce, ita kuwa ta ba da gaskiya tuntuni. Yayyafi ba baftisma ba ne. Shi kuma ba aikinsa ba ne.

"Na san duk wannan," in ji Inna. "Ni dai so nake."

Ya ce ta yi haƙuri, fasto na tafe.

Haƙuri! Ina da shekara goma sha wani abu lokacin, bakina kuma bai da linzami. Na ce, "Baba, wa zai gani? Wa zai kai ƙararka?" Ya dube ni ya nuna sama da yatsa. Wallahi na ji kamar in fasa randar.

Kada a ce mugu ne. Da labarin zuwan fasto ya iso, shi ya ari jaki, ya naɗa mata tsummoki ta jingina, ya taka da ƙafa daga Gwandu har Kalgo yana riƙe da ita kada ta faɗi. In ta yi tari ya tsaya, ya goge mata baki da bakin rigarsa. Ƙafafunsa duk suka tsage. Zai iya ɗaukar ta a baya har bangon duniya, moɗa guda ce ya kasa ɗagawa.

Muka sauka gidan wani masunci, Musulmi, wanda ya saba ba mu ɗaki. Daga ƙofar ɗakin ana hango gulbin. Fasto bai iso ba, an ce motar da ya shiga ta lalace a hanya. Kullum Inna sai ta sa a jinginar da ita a ƙofa ta yi ta kallon ruwan. Ta sake roƙo, muryar da ƙyar take fita.

"Ga gulbin nan. Kai ka shiga da ni."

Baba ya ce, "Gobe fasto yana nan, da yardar Allah."

Da hantsi washegari ta cika.

Babu wata mace Kirista a kusa. Uwar masuncin, tsohuwa mai goro a baki, ta shigo ta kama hannuna. "Tashi, ɗiyata, mu gyara ta. Ba a barin mutum haka nan." Ta leƙa waje ta ce da Baba, "Malam, ruwa muke so."

Ya ɗauki tulu ya nufi gulbi. Ya kawo, ya koma. Ya kawo, ya koma. Muka yi mata wanka, muka naɗe ta da farin ƙyallen da shi da kansa ya ɗinka mata don ranar baftisma. Shi bai daina ɗebo ruwan ba. Randa ta cika, ƙwarya ta cika, ruwa ya fara kwarara a tsakar gida.

Tsohuwar ta ce, "Haba Malam, ya isa. Mun gama."

Ya tsaya da tulun a kafaɗa, rigarsa sharkaf. Sai ya shigo ya durƙusa, ya buɗe fuskarta, ya tsoma hannu a tulun ya shafa mata a goshi. Amma ko a nan bai faɗi kalmomin ba.

Ni kuwa na ce, "Yanzu kuma? Ai ba ta ji."

Ya ja ƙyallen ya rufe fuskarta. Muka binne ta a bayan gari, inda masuncin ya nuna mana.

Fasto ya iso da la'asar. Washegari aka yi baftismar kamar yadda aka saba, ina cikin waɗanda aka nutsar, don ni na iya amsa tambayoyi. Da aka zauna gindin tsamiya ƙoƙon ya zo hannuna, na sha, na miƙa wa Baba. Ya riƙe shi ya daɗe. Daga nan ya miƙa wa na kusa da shi bai kai baki ba, ya aje hannuwansa a cinya.