Motar Da Shanu Suka Jawo Gida

Shekarun baya, lokacin da riɗi ya yi daraja shekara biyu a jere, na yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙauyenmu. Na shiga Kano da motar haya, na dawo ina tuƙa tawa. Kuma ba ƙaramar mota ba. Baƙa ce wuluk, doguwa, kujerunta na fata, idan ka rufe ƙofa ko kukan jaki ba ka ji daga waje. Ni kuwa manomi ne, sai ɗan sarin hatsi da nake taɓawa a kasuwar Ɗambatta. Garinmu gona na jikin gona, gida na jikin gida, hanyar shiga unguwarmu ma ta amalanke ce. Sai da na roƙi maƙwabcina ya ɗan matsar da shingensa kafin motar ta iya kaiwa ƙofar gida. Tun daga ranar aka fara ce mini Alhaji, alhali ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba. Ban kuma hana kowa ba.

Ban daɗe ina jin daɗinta ba zamani ya juya. Fetur ya yi tashin da har masu babur suka koma keke. Taki ya gagari mutane, kwanon masara ya zama abin da magidanci ke tsayawa ya yi shawara da aljihunsa kafin ya taya. Motata kuma shan mai take kamar an huda tankin. Na koma fito da ita ranar Juma'a kawai, ko in an yi wani sha'ani da ya kamata a gan ni a ciki.

Wani sha'anin irin wannan ne ya ja mini. Ana tsakiyar damina muka je suna wajen Bagwai, a hanyar dawowa na tarar rafin da ke gab da garinmu ya cika ya shafe kwalbatin. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin ruwa, masu keke, masu kaya a ka, da wani maƙwabcinmu da shanun huɗarsa biyu. Wani dattijo ya matso ya ƙwanƙwasa mini gilashi.

Ya ce, "Alhaji, ka ɗan dakata. Nan da la'asar zai janye."

Na sauke gilashin, na ce, "Baba, ai irin waɗannan motocin don irin wannan hanyar aka yi su."

Ban san inda na samo wannan karatun ba. Na taka totur na faɗa ruwa. Daidai tsakiya motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Maimakon in haƙura, sai na sake murɗa makulli, na ji wani ƙwas daga cikin bonet, irin ƙarar da ko ba ka san mota ba ka san ba alheri ba ce. Na buɗe ƙofa, ruwa ya shigo ya jiƙa mini shadda har gwiwa. Shanun nan biyu aka ɗaura wa igiya suka fito da ita, su suka ja ta har ƙofar gidana. Ni ina ciki riƙe da sitiyari, rabin gari na biye da mu. Dattijon nan bai ce mini komai ba, sai "Sannu, Alhaji." Da ma zagina ya yi.

Washegari abokina bakanike ya zo daga Ɗambatta. Tare muka yi firamare, don haka ba ya ɓoye mini magana. Ya kwance abin da zai kwance, ya leƙa, ya goge hannunsa da tsumma.

Ya ce, "Da ta mutu, ka sake tayarwa?"

Na ce, "Sau ɗaya."

Ya ce, "Ɗayan nan ne. Injin ya sha ruwa, ƙarfen ciki ya lanƙwashe ya fasa jikinsa. Wannan ba gyara, sai dai sabon inji. Kuma irin nata, ko na hannu ɗan Kwatano ka samu, noman shekararka gaba ɗaya ba zai saye shi ba."

Kafin sati ya zagayo labari ya kai ko'ina. Masu sayen matattun motoci suka fara sallama. Su zagaya ta, su buga taya da ƙafa, su faɗi kuɗin da ko saniyar kirki ba zai saya ba. Ɗaya ma a gabana yake gaya wa ɗan'uwansa yadda za su raba ta, fitilu daban, ƙofofi daban, kujeru daban, kamar mahauta a kan sa. Yayana ya kira ni zaure, ya ce, "Ka ga halin da ake ciki. Ka karɓi abin da suka ba ka ka sa a taki. Tun farko ma wannan ba motar ƙauye ba ce, kowa ya gaya maka."

Na ce, "Yaya, na ji. Amma ba zan bayar a wannan kuɗin ba."

Ya ce, "To ka dafa ta ku ci."

Ana cikin haka sai wani attajiri na garin da ke kusa da mu ya aiko a kira ni. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, aka kawo fura mai sanyi. Ya ce ransa ya ɓaci da ya ji abin da ya faru, mutum irina bai kamata a gan shi a ƙasa ba. Shi zai sa a kawo inji irin nata, a ɗaura, in ci gaba da hawa abata. Abin da yake so kaɗan ne, 'yar fadamar nan tawa da ke jikin tasa. Ya ce, "Ai ba ta fi zanin mace ba. Me kake samu a ciki?"

Gaskiya ne ba ta da girma. Amma a wajenmu, inda kowane taƙi da mai shi, fadama mai ruwa kusa ba abin da ake samu da kuɗi ba ne. Rabona ce daga gonar mahaifinmu. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yarda. Duk hanyar dawowa ina ganin kaina na sake shigowa gari da motar tana sheƙi, masu dariya sun yi tsit.

Na shiga wajen mahaifiyata, tana zaune tana ɓarar gyaɗa, na kwashe duka na gaya mata. Ba ta ɗago ba sai da na gama.

Ta ce, "Shi wanda zai ba ka injin, motar yake so ko ƙasar?"

Na ce, "Ƙasar, Inna."

Ta ce, "Su kuma masu zuwa suna buga mata ƙafa?"

Na ce, "Ƙarfen suke so."

Ta ce, "To duk cikinsu wa ya zo don kai? Kowa ya ga ka faɗi, yana sauri ya ɗauki nasa kafin ka tashi. Motar nan tana cin tuwo ne? Tana kuka da dare? Ka bar ta inda take mana."

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Ban taɓa kawo wa raina cewa akwai hanya ta uku ba, wato in ƙi duka biyun. Da safe na aika wa attajirin nan godiya, na ce fadama ba ta sayarwa ba ce. Masu sayen ƙarfe kuma duk wanda ya yi sallama, in ba shi ruwa ya sha, in raka shi bakin hanya. Na sa aka tura motar ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, muka ɗora ta a kan duwatsu, na cire batir na kai ɗaki.

Daga nan aka buɗe mini babin tsiya. A majalisa in na iso sai wani ya ce, "Alhaji, yau ba a fito da Hajiya ba?" Wani ya ce a ba shi hayarta ya zuba kaji. Na koma hawa tsohon kekena zuwa kasuwa, wanda ya ce Alhaji in amsa, wanda ya yi dariya in taya shi. Matata ce ma ta fara samo wa motar aiki. Ta lura in an rufe gilasai da rana cikinta kamar tanda yake, sai ta riƙa shimfiɗa wake a kujerar baya, zafin ya kashe ƙwarin da ke ciki. Har maƙwabta suka fara aiko da nasu. Na ce da ita, "Yanzu motar tawa ce ta koma wajen shanya?" Ta ce, "Malam, tun da ka saye ta, yau ta fara yi wa gidan nan amfani."

Fadamar da aka ce ba ta fi zani ba kuwa, a ranin nan na ba ta ƙarfina gaba ɗaya. Da can rabi nake nomawa in bar rabi, don ina ganin na wuce tsayawa a cikin taɓo. Na tuɓe babbar riga, na shuka albasa tun daga wannan gefe har wancan, ni ne ban ruwa, ni ne cira. Shekarar farko abin da aka samu a cefane ya tafi, don gidan ba ya jira. Ta biyu Allah ya sa albasa ta yi kyau, na kuma daure na adana ta har ta yi tsada.

Na je wajen abokina bakanike na ajiye masa abin da na tara. Ya duba, ya ce, "Wannan ba zai sayi inji irin nata ba."

Na ce, "Na sani. Wanne zai saya?"

Ya ce, "Akwai injin ƙananan motocin nan na haya. Zan iya ɗaura mata, sai an yi 'yan dabaru. Amma ka sani, ba za ta ƙara yin gudun da ba, kuma duk wanda ya san mota in ya ji ƙararta zai gane."

Na ce, "Ya gane ɗin. Zai kai ni Ɗambatta da buhu biyar?"

Ya ce, "Har Kano."

Sati uku ya yi yana fama da ita. Ranar da ta tashi, ƙararta ta fito kamar ta injin markaɗe, mu biyu muka tsaya muna dariya har da hawaye. Na shigo gari a hankali, buhunan taki biyu a but. Yayana yana ƙofar gida, ya zagaya ta, ya sa kunne, ya ce, "Wannan ai muryarta ta canja." Na ce, "Ta sha wuya ne, Yaya." Bai ce na yi daidai ba, har yau ma bai faɗa ba. Amma ya buɗe gaba ya zauna, ya ce in sauke shi a masallaci.

Har yanzu tana nan. Fatar kujerun ta tsattsage, na'urar sanyin ta daɗe da mutuwa, in mun zo hawa sai na sauke giya muna lallaɓawa. Mai kuwa kaɗan take sha, ta koyi zaman talaka kamar mai ita.

Ba ina ba da labarin nan don in ce duk wanda injinsa ya buga ya riƙe motarsa ba. Wani sayarwar ce alheri gare shi, kuma da an ba ni kuɗin mutunci a lokacin, wataƙila da na bayar. Wautar shiga ruwa tawa ce, ban taɓa ɗora wa kowa ba. Abin da na ƙi, kuma har gobe zan ƙi, shi ne a zo a same ni a ranar da na fi kowa jin kunya, a ce a ranar zan yanke shawara. Na lura duk wanda ya ce maka "yanzu-yanzu" alhali kana cikin ruɗu, akwai abin da yake tsoron ka gane in ka huce.

Ko watan jiya wani dillali ya tare ni a kasuwa, ya ce, "Alhaji, har yanzu ba ka gaji da tsohuwar nan ba?" Na ce masa ranar rabuwarmu tana nan tafe, na sani. Amma ni zan sa ranar.